Kafin DMS ya taɓa tebur ko ɗaya: saita sadarwa da tsaro a Terraform

Aikin da ke gabanmu shi ne wannan: rumbun bayanai na PostgreSQL yana zaune a kan saba a ofis, ana son a mayar da shi RDS, wato rumbun bayanan da AWS ke gudanarwa, kuma ba a son a kashe manhaja fiye da 'yan mintuna. Abin da zai yi kwasar shi ne DMS (Database Migration Service na AWS), wanda ke kwafe bayanan da ke nan, sannan ya ci gaba da bin duk canjin da aka yi har ranar sauyawa. Shi DMS ɗin layuka kaɗan ne a Terraform, manhajar da ake rubuta tsarin AWS da ita a kod. Inda dare ke yi wa mutum shi ne hanyar da zai bi ya kai ga rumbunan biyu, da izinin da zai shiga da shi.

Adireshi tukuna

Adireshin VPC, wato keɓaɓɓiyar hanyar sadarwarka a cikin AWS, kada ya hau kan na ofis. Idan ofis yana 192.168.10.0/24, ba wa VPC wani abu kamar 10.40.0.0/16. Guji 172.17.0.0/16, domin shi Docker ke ɗauka da kansa, kuma duk sabar da ke da Docker za ta riƙa karkatar da amsarka cikin kanta ba tare da ta ce uffan ba. Ba a sauya babban adireshin VPC bayan an gina ta, sai dai a ƙara wani ko a rushe.

RDS da DMS kowanne yana buƙatar sabnet (ƙaramin yanki na adireshin VPC) biyu aƙalla, a shiyyoyi biyu daban na yankin da ka zaɓa, ko da kwafi ɗaya za ka tayar. Na fi son a ware wa DMS nasa: 10.40.2.0/27 da 10.40.2.32/27. AWS tana riƙe adireshi 5 a kowane sabnet, saura 27, sun isa har da ragowa. Amfanin warewar shi ne su biyun sun haɗu sun zama 10.40.2.0/26, kuma wannan kaɗai za ka buɗe wa ƙofa a ofis. Ka sa `enable_dns_hostnames = true` tun yanzu, za a neme shi a gaba.

Wajen zaɓen yanki, af-south-1 na Cape Town, da aka buɗe a 2020, sai an kunna shi a asusu kafin Terraform ya gan shi. Kada taswira ta yanke maka hukunci tsakaninsa da eu-west-2 na Landan. Auna jinkirin kowanne daga layin ofishin. Idan kuma bayanan mutane ne a Najeriya, dokar kare bayanai ta 2023 tana da sharuɗɗa kan fitar da su waje, a duba ta kafin a zaɓa.

Bututun da ya tashi amma ba ya wuce komai

Haɗin VPN, bututun da zai haɗa ofis da VPC, abubuwa biyar ne a kod: `aws_customer_gateway`, `aws_vpn_gateway`, `aws_vpn_connection`, `aws_vpn_connection_route`, da `aws_vpn_gateway_route_propagation`. Na biyar ɗin ne ake mantawa. Shi ke saka hanyar ofis cikin jadawalin hanya na sabnet ɗin DMS. Idan babu shi, allon AWS zai nuna bututu a sama, kore shar, amma fakiti ba ta san ta inda za ta bi ba. Haka ma a ɗaya ɓangaren: dole na'urar ofis ta san cewa 10.40.0.0/16 ta cikin bututu ake zuwa. Wannan ba ya cikin Terraform ɗinka, saboda haka ka rubuta shi a takarda ka miƙa wa mai kula da na'urar, tare da UDP 500 da 4500 da zai buɗe.

Hanya mafi sauƙi tana buƙatar tsayayyen adireshin IP na ofis. Layuka da yawa na gida da na wayar salula suna raba adireshi ɗaya tsakanin masu saye, don haka a tambayi kamfanin intanet ɗin tun da wuri.

Akwai wata matsala mai wuyar ganewa. Gwajin haɗi ya yi nasara, ƙananan tebura sun wuce, sai wani babban tebur ya tsaya cik ba kuskure ba komai. Yawanci girman fakiti ne. Iyakar da bututun AWS ke ɗauka MTU (girman fakiti gaba ɗaya) 1446 ne, MSS (girman bayanan da ke cikinta) 1406, kuma wasu tsare-tsaren ɓoye saƙo suna rage hakan. Ƙananan saƙonni suna wucewa, manya suna maƙalewa. Maganin yana kan na'urar ofis: a rage MSS zuwa ƙasa da iyakar.

Sai lissafin lokaci. Kowane bututu na yau da kullum yana kaiwa 1.25 Gbps, amma layin ofis ne zai yanke hukunci. GB 200 a kan 50 Mbps na turawa, idan babu kowa a layin, kusan awa 9 ne. A ranar aiki ka ninka.

Ƙofofi

Wanda ya saba da allon AWS ya san sabon rukunin tsaro (security group, katangar da ke tace shiga da fita) yana zuwa da izinin fita ko'ina. Terraform yana goge wannan izinin da zarar ya ƙirƙiri rukunin. Sakamakon haka DMS zai tashi lafiya lau amma ba ya iya magana da kowa. Hakan ya fi, domin yana tilasta maka ka rubuta abin da kake nufi. DMS shi ke kiran kowa, ba mai kiransa, don haka ba ya buƙatar ƙa'idar shiga ko ɗaya. Fita uku yake so: zuwa sabar ofis a 5432, zuwa RDS a 5432, zuwa Secrets Manager, ma'ajiyar kalmomin sirri ta AWS, a 443. `ana_kaura` da ke cikin kod ɗin canji ne da ke `true` muddin ana ƙaura.

```
resource "aws_vpc_security_group_egress_rule" "dms_zuwa_ofis" {
  count             = var.ana_kaura ? 1 : 0
  security_group_id = aws_security_group.dms.id
  cidr_ipv4         = "192.168.10.20/32"
  ip_protocol       = "tcp"
  from_port         = 5432
  to_port           = 5432
}

resource "aws_vpc_security_group_ingress_rule" "rds_daga_dms" {
  count                        = var.ana_kaura ? 1 : 0
  security_group_id            = aws_security_group.rds.id
  referenced_security_group_id = aws_security_group.dms.id
  ip_protocol                  = "tcp"
  from_port                    = 5432
  to_port                      = 5432
}
```

Lura da abu biyu. A cikin VPC ana nuna rukuni ne, ba adireshi ba, domin adireshin DMS yana sauyawa idan an sake gina shi, kuma idan ka kunna `multi_az` guda biyu ne. Sannan ƙa'idojin suna zaune a waje da rukunin. Idan ka cusa su ciki, rukunin RDS yana nuna na DMS, na DMS yana nuna na RDS, Terraform zai ƙi da kuskuren `Cycle`. Kada kuma ka gauraya salon biyu a rukuni ɗaya, kowane `apply` ɗaya zai riƙa goge aikin ɗayan.

Rukunin tsaro yana tuna haɗin da ya bari ya fita, amsa tana dawowa da kanta. NACL, katangar da ke kan sabnet gaba ɗaya, ba ya tunawa. Idan an ƙuntata shi, sai an buɗe 1024 zuwa 65535 domin amsoshi. A ganina in babu dokar kamfani da ta tilasta, a bar NACL yadda ya zo.

Sai wani tarko na IAM, tsarin ba da izini na AWS. DMS yana neman rol mai suna `dms-vpc-role`, harafi da harafi, ɗauke da `AmazonDMSVPCManagementRole`, da wani `dms-cloudwatch-logs-role` domin rahoton aiki. Allon AWS yana ƙirƙirar su a ɓoye, Terraform ba ya yi. Ko ka rubuta su, IAM yana ɗaukar daƙiƙu kafin ya bazu, don haka sa `depends_on` da `time_sleep` na daƙiƙa 30 kafin `aws_dms_replication_subnet_group`. Idan wani ya taɓa buɗe DMS a asusun, rol ɗin yana nan, sai ka jawo shi da `import`.

Mabuɗai

Daga PostgreSQL 15 zuwa sama, RDS yana zuwa da `rds.force_ssl` a kunne. Shi kuwa `ssl_mode` na DMS `none` ne idan ba ka faɗa ba. Haɗuwar biyun ita ke haifar da saƙon nan `no pg_hba.conf entry for host ... no encryption`, wanda ke sa mutane neman fayil ɗin da ba su da ikon taɓawa a RDS. Wasu sai su kashe `force_ssl`. Kuskure ne. Ɗora satifiket ɗin tushe na RDS ta `aws_dms_certificate`, ka sa `verify-full`, ka yi amfani da cikakken sunan RDS ba adireshin IP ba. `require` yana ɓoye saƙo amma ba ya tantance da wa yake magana. Idan ka gaji tsohon kod mai `rds-ca-2019`, wa'adinsa ya ƙare a Agustan 2024. Na yanzu shi ne `rds-ca-rsa2048-g1`.

`storage_encrypted = true` dole ya kasance tun ranar farko. Idan ka ƙara shi daga baya, Terraform zai nemi rushe rumbun ya gina sabo. Haɗa da `deletion_protection = true`, da `publicly_accessible = false` a RDS da DMS duka.

Kalmar sirrin da ka ba Terraform ta hanyar da aka saba tana zuwa a fili cikin fayil ɗin state, inda yake ajiye bayanin abin da ya gina. `sensitive` fuskar allo kawai yake rufewa. Mabuɗan bututun VPN ma suna can, saboda haka guga ta S3 (ma'ajiyar fayiloli ta AWS) da ke riƙe fayil ɗin ta zama a kulle, masu karanta ta 'yan ƙalilan. Ga babban asusun RDS, `manage_master_user_password = true` ya isa. Amma kada ka ba DMS wannan sirrin: yana juyawa duk kwana 7, kuma babu `host` da `port` a cikinsa, alhali DMS yana neman su tare da `username` da `password`. Buɗe wa DMS asusunsa, ajiye sirrinsa daban, ka nuna shi da `secrets_manager_arn`. Rol ɗin da zai karanta sirrin kuma sunan yanki yake so, kamar `dms.eu-west-2.amazonaws.com`. Tun daga DMS 3.4.7, na'urar da ke sabnet marar hanyar intanet ba ta kaiwa ga Secrets Manager sai ta `aws_vpc_endpoint` irin `Interface`, mai `private_dns_enabled = true`, mai karɓar 443 daga rukunin DMS. Nan ne DNS ɗin da aka kunna ɗazu ke aiki.

Sabar ofis

A `postgresql.conf`: `wal_level = logical`, `max_replication_slots` da `max_wal_senders` su wuce yawan ayyukan DMS, `listen_addresses` ya haɗa da adireshin da bututu ke zuwa. Duk waɗannan sai an sake tayar da PostgreSQL. Ba a fafe gora ranar tafiya: a nemi lokacin kashewar makonni kafin ƙaura. A `pg_hba.conf` layi ɗaya:

```
hostssl kasuwa dms_user 10.40.2.0/26 scram-sha-256
```

Ƙuncin layin yana da muhimmanci, domin asusun da DMS ke bin canje-canje da shi a saba irin wannan cikakken iko ake ba shi.

Haɗari mafi girma a duk aikin yana nan. DMS yana buɗe gurbin kwafi a PostgreSQL, kuma saba ba ta goge fayilolin WAL, inda ake rubuta kowane canji, har sai gurbin ya karanta su. Idan wuta ta ɗauke wa na'urar intanet, ko bututu ya faɗi ranar Juma'a da yamma, manhaja tana ci gaba da rubutu, WAL yana taruwa, faifai ya cika, rumbun da ake kasuwanci da shi ya tsaya. Daga PostgreSQL 13 akwai `max_slot_wal_keep_size`, amma ba shi da iyaka sai ka sa. Sa masa abin da bai kai rabin filin da ya rage a faifai ba. Idan an wuce iyakar gurbin zai lalace, a fara kwasa daga farko, wanda ya fi tsayawar rumbu sauƙi nesa ba kusa ba.

Karanta kuskure

Gudanar da `aws dms test-connection` ga kowane ɓangare kafin ka ƙirƙiri aikin kwasa. Idan ya daɗe shiru sannan ya ce lokaci ya ƙure, fakiti ba ta isa ba ko amsa ba ta dawo ba: duba jadawalin hanya, rukunin tsaro, katangar ofis. VPC Flow Logs zai nuna `REJECT` idan rukunin tsaro ko NACL ne ya hana. Idan nan take ya ce `connection refused`, hanya lafiya take, PostgreSQL ne ba ya sauraro a wannan adireshin. Idan ya ambaci `pg_hba.conf` ko kalmar sirri, sadarwa ta gama aikinta, daina taɓa ta. Buɗe 0.0.0.0/0 domin gwaji ba ya magance biyu daga cikin ukun, kuma irin wannan ƙa'idar ce ake mantawa a buɗe.

Ranar sauyawa: tsayar da rubutu a manhaja, jira `CDCLatencySource` da `CDCLatencyTarget` su sauka zuwa sifili, tsayar da aikin, gyara lambobin jeri da `setval` domin DMS ba ya kwashe su, sannan juya manhaja zuwa RDS. Bayan haka mayar da `ana_kaura` zuwa `false`. Idan ka rataya DMS, ƙa'idojinsa, sirrinsa da VPN a kan wannan canji ɗaya, `apply` guda zai kwashe su, amma karanta `plan` ka tabbata sunan RDS ba ya cikin abin da za a rushe. Abubuwa huɗu Terraform bai san da su ba, da hannu za a cire: layin `pg_hba.conf`, asusun `dms_user` a rumbunan biyu, ƙa'idar katangar ofis, da gurbin kwafi. Duba `pg_replication_slots`, idan gurbin yana nan, cire shi da `pg_drop_replication_slot`, ko da gobe za a kashe tsohuwar sabar.