Abin da gyaran salula ya koya mini game da nauyin na'ura

Yawancin masu kawo mana salula ko kwamfuta a shagon gyara, nan kusa da kasuwar Dole a Damagaram, kukansu ɗaya ne: ta yi nauyi, ko tsufa ne? Abin da na fara koya wurin maigidana shi ne, furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ba kasafai shekaru ke rage mata ƙarfi ba. Abubuwan da ke kewaye da ita ne ke canzawa.

A garinmu zafi ne kan gaba. Watan Afrilu da Mayu, Damagaram kan haura digiri 40, ita kuwa furosesa an ƙera ta ne yadda in ta ɗau zafi za ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Buɗe kwamfutar da ta sha hunturu biyu ko uku, za ka tarar ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya tsattsage. Mu share da buroshi, mu hura, mu shafa sabon mai, sai kukan fanka ya lafa. Wata ɗaliba ta zo da niyyar sayar da tata, maigida ya ce, "Ƴata, dakata tukuna." Bayan shara, ya cire tsohon faifan ajiyar bayanai mai juyawa ya sa mata SSD, wato ma'ajiyar zamani da ba ta juyawa kuma ta fi sauri. Da ita ta rubuta kundin kammala jami'a.

Batir ma zafi ke cinye shi, musamman salular da ake barin ta a caji cikin rana. In ya raunana, ba ya iya ba da wuta lokacin da aiki ya yi yawa. A Disamba 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage gudun tsofaffin iPhone saboda haka, kuma a 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 don bai sanar da masu saye ba.

Sai kuma kaya. Salula mai RAM (wurin da na'ura ke riƙe aikin da take kan yi) giga 1 ko 2 tana nan yadda aka saye ta, amma WhatsApp da Facebook kullum ƙara girma suke yi. Ga bidiyon zaurukan dangi da na makaranta suna sauka ba dare ba rana, har ma'ajiya ta cika maƙil, rubuta sabon abu ya zame mata wahala.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masu gyara ke gaggawar yin filashin. Dattijo ya kawo salula, a shafe komai, hotunan jikoki da lambobin ƴan'uwansa da ke Kano da Agadas su tafi, bayan wata biyu nauyin ya dawo, domin ba a taɓa musabbabin ba. Ni yanzu sai na tambaya: "Baba, tana zafi a hannu? Cajin na daɗewa?" Sannan in duba ma'ajiya, in kwashe bidiyon zuwa katin memori, in rufe saukar kai tsaye a WhatsApp. In RAM ɗin ce ta yi kaɗan, nakan faɗa masa gaskiya, in sa masa Facebook Lite, wato ƙaramin Facebook marar nauyi, kuɗin gyaran kuma ya riƙe abinsa.