Alat ɗin da ya cinye min buhu biyar na riɗi

Ranar Alhamis ce a kasuwar Maigatari, cikin Fabrairun 2023, lokacin da takardar kuɗi ta yi wuyar gani. Wanda ya ga wancan lokaci ba sai an ba shi labari ba. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya, tsofaffin kowa yana gudunsu, sababbin kuma babu su. Mai POS na garinmu sai da na ba shi dubu biyu kafin ya ba ni dubu goma a hannu. A cikin wannan hali na kai riɗina buhu biyar, wanda na ɓoye tun kaka ina jiran ya yi daraja, saboda auren 'yata ya matso kuma ba a haɗa kayan ɗaki ba.

Dillalin da na saba da shi bai fito ba ranar. Wani yaro ne ya kawo min mai saye, dattijo mai kamala, gemu ya soma furfura, carbi a hannu. Ya ɗebi riɗin ya murza a tafi, ya hura, ya ce ba shi da ƙasa. Muka daidaita a Naira dubu 410, ko ja-in-ja bai tsaya yi ba.

"Malam, ka san halin da ake ciki, tsaba babu. Karanto min lambar asusu."

Na karanto, na faɗa masa sunan bankina. Ya danna a wayarsa, sai ya kira cikakken sunana har da na mahaifina. Nan hankalina ya kwanta. Daga baya na gane cewa duk wanda ya sa lambar asusunka a manhajar kowane banki zai ga sunanka tun kafin ya tura ko kwabo. Sai ya ƙara da cewa, "Ba ni lambar waya ma, in ka samu wani kayan sai mu riƙa magana." Na ba shi da bakina.

Ko minti biyu ba a yi ba wayata ta yi ƙara. Saƙo, da sunan bankina a sama, da adadin kuɗin, da kwanan wata, kamar yadda na saba gani.

Wallahi zuciyata ta ce min in duba ragowar kuɗin da ke asusun. Na san lambar da ake dannawa, da ita nake sayen kati kullum. Amma mutumin yana tsaye a gabana yana cewa "Ya shigo ko?", 'yan dako suna jira, mutane sun zuba ido. Sai na ji kamar in na danna a gabansa na kira shi ɓarawo ne a bainar jama'a, alhali ya girme ni. Kunya ce kawai ta riƙe min yatsa. Na ce, "Ya shigo Alhaji, Allah ya sa albarka." Ya zaro sabuwar dubu ɗaya ya ba yaran da suka loda, ni da kaina na kama kunnen buhu na ƙarshe na taya su ɗorawa a mota.

Ran Asabar na tafi Gumel wurin mai gado da katifa. An sa katina a na'ura, ta ce kuɗi bai isa ba. Muka ce matsalar sabis ce, don a makonnin nan tura kuɗi yana maƙalewa sosai. Aka sake, ta sake ƙi. Sai a lokacin na danna abin da ya kamata in danna tun Alhamis. Dubu 23 da 'yan kai, abin da na bari a ciki tun farko.

Ɗan yayana da ke karatu a Dutse shi ya karɓi wayar da dare ya karanta saƙon a tsanake. Ya ce, "Baffa, dubi layin ƙasa." Inda aka rubuta ragowar kuɗi, dubu 410 ne cif. Ya ce, "To ina dubu ashirin da ukunka? Da daga banki ne, da ka ga dubu 433." Ɗan damfara bai san abin da ke asusunka ba, sai ya rubuta abin da ya ga dama. Layin nan yana gaban idona a kasuwa, na kalli na sama na bar na ƙasa. Shi ya bayyana min cewa akwai hanyoyin aika saƙo ta intanet da mutum zai rubuta sunan da yake so ya fito a matsayin mai aikowa. Abin da yake bukata shi ne sunan bankinka da lambar wayarka, kuma duka biyun ni na miƙa.

Litinin na yini a layin banki. Ma'aikacin ya fitar min da takardar shige da ficen asusuna, babu komai ranar Alhamis. Ya ce da a ce kuɗi ne suka fita daga asusuna zuwa na wani, akwai sawu, ana iya rubuta wa ɗaya bankin a nemi a riƙe su in an yi sauri. Amma nan babu kuɗin da ya motsa, to me za a bi? Na kai ƙara wurin 'yan sanda. Lambar mutumin a kashe. Yaron da ya haɗa mu ya rantse bai taɓa ganinsa ba sai ranar, ɗari biyar ya ba shi.

Bayan kamar mako guda aka kira ni, wai daga banki, da Hausa mai kyau, ya san sunana ya san adadin kuɗin. Ya ce an gano su, za a maido min, in karanto masa lambobin da ke jikin katina da BVN, sannan wata lamba za ta shigo wayata in faɗa masa. Jikina har rawa yake don son kuɗin nan su dawo. Amma ma'aikacin nan ya riga ya ja min kunne cewa banki ba ya kiran mutum ya tambayi lambar sirri ko lambar da ake turowa ta waya, don da ita ake kwashe asusu. Na kashe wayar. Ina kyautata zaton mutanen ɗaya ne, sun dawo neman dubu 23 ɗin da ta rage.

Yanzu ko tiya goma na sayar da tiransifa, kaya ba ya tashi sai na duba ragowar kuɗina a wayata da hannuna. Hoton rasit a wayar mai saye ba na ma kallonsa. In sabis ya ƙi, kaya yana nan, mu zauna mu jira tare, ko mu je wurin mai POS da na sani. Lambar waya kuwa sai an gama ciniki. Wani ya taɓa ɓata rai ya ce, "Malam, ba ka yarda da ni ba ne?" Na ce, "Alhaji, yi haƙuri, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake." Ya tsaya, kuɗinsa ya shigo, muka rabu lafiya. Minti ɗaya abin ya ɗauka, minti ɗayan da na ji kunyar ɗauka a Maigatari.

An yi bikin 'yata a ranar da aka sa. Ɗaya daga cikin shanun huɗata na sayar aka sayi gadon, daminar shekarar da aron san maƙwabcina na yi huɗa. Saƙon yana nan a wayata ban goge ba, duk wanda na ga zai tafi kasuwa da kaya sai na nuna masa layin ƙasan.