Daga ƙafar ƙudan zuma muke karanta kakar bana

Sana'armu kiwon zuma ce, a wani ƙauye da ke yamma da Zariya. Ni ne da ƙanena da wasu samari biyu masu taya mu ɗaukar kaya da kewaya amyoyi. Yawancin abin da muke da shi akwatuna ne irin na Kenya, masu sanduna a jere a sama, sai 'yan amyoyin ciyawa da muka gada, waɗanda muka bari a kan itatuwa don su kama taron zuma idan ya tashi neman sabon gida. Mu tace, mu ɗura a kwalba, mu kai Kaduna da Kano. Kakin kuma masu haɗa man shafawa ne ke kwashewa. Duk wannan ba baƙon abu ba ne. Abin da ke ba mutanen gari dariya shi ne su gan ni da sassafe a gindin mangwaro, na durƙusa da kyamara ina bin ƙwaro.

Ba nishaɗi ne ya kai ni ba, aiki ne. Ƙudan da ke fita kiwo abu biyu yake nema a jikin fure: ruwan furen mai zaƙi, wanda shi ne ke zama zuma, da garin furen, wanda shi ne abincin 'ya'ya. Jikinsa duk gashi ne, garin yakan manne masa tun daga kai har ciki. Sai ya tsefe da ƙafafun gaba da na tsakiya, ya ɗan jiƙa da ruwan bakinsa, ya tura baya, ya dunƙule a wani ɗan kwarmi da ke kan ƙafafun baya. Ƙullin bai wuce ƙwayar gero ba, ɗaya dama ɗaya hagu. Sau da yawa yana shawagi a iska yake wannan haɗin, kuma ido ba ya iya bin sa. Sai ka buɗe hoton ka faɗaɗa shi kafin ka ga yadda ƙafafun ke miƙa wa juna.

To, ga inda abin ya shafi aljihu. Ƙuda ɗaya, a fita ɗaya, galibi fure iri ɗaya yake bi, shi ya sa ƙullin ke zuwa da launi guda. Idan na ɗauke shi a kan furen, na san launin garin wannan furen. In na koma bakin akwati na ga masu shigowa da wannan launin, na san inda suke kiwo ko da ban bi su ba, alhali suna iya yin nisan kilomita 2 ko 3. Na masara rawaya ne mai haske, na kabewa ya fi shi kauri, ya karkata zuwa ruwan lemo. Haka na tara hotuna wata-wata har na sami kalandar dajinmu: gawo a farkon rani, mangwaro da kaɗanya a cikin hunturu, ɗorawa wajen Fabrairu da Maris, darbejiya idan zafi ya kankama, sannan damina ta kawo masara da kabewa da riɗi. Ɗorawa ma abin sha'awa ce, don jemagu ne ke aikinta da dare, ƙudan zuma sai da asuba yake zuwa ya kwashi abin da suka rage. Wanda ya makara ba zai same shi a kanta ba.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci a wurina. Idan ka ga garin fure yana shiga akwati babu ƙaƙƙautawa, alama ce mai ƙarfi cewa sarauniya na nan tana saka ƙwai, akwai ƙananan da ake ciyarwa. Idan makwabtan akwatin suna ta shigo da shi amma wannan shiru, sai a bincika. Ƙudan zumanmu na Afirka ta Yamma ba ya son a riƙa buɗe masa gida. Ga faɗa, ga saurin yin hijira in an dame shi. Duk buɗewar da na kauce wa saboda na karanta bakin ƙofa, riba ce.

Game da ɗaukar hoton kansa, masu tambaya sukan fara da kuɗin kyamara, ni kuwa nakan ce a fara da haƙuri. Da waya na soma, da ɗan gilashin nan mai matsewa da ake maƙala wa idon kyamararta, kuma har yau wasu hotunan da ke kan kwalabenmu na wayar ne. Matsalar kusa-kusa ita ce abin da ke fita tas bai wuce kaurin milimita kaɗan ba. In idon ƙudan ya fito, ƙafarsa ta dushe. Don haka nakan tsaya ta gefe, yadda ido da ƙullin garin za su zo a layi ɗaya. Fikafikansa na kaɗawa sama da sau 200 a daƙiƙa guda, saboda haka in kana son ka tsayar da shi a iska sai ka sa saurin ɗauka ya kai kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa ko fiye, kuma hakan na cin haske. Kada ka bi ƙuda daga fure zuwa fure, zai gajiyar da kai a banza. Zaɓi fure ɗaya mai kyau, ka saita, ka jira, idan ya sauka ka danna a jere. Hazon hunturu da kowa ke kuka da shi, ni yana yi mini rana, don yana tausasa haske, sai dai iskarsa na girgiza reshe.

Harbi fa? Ƙudan da ke kan fure ba ruwansa da kai, cikinsa ya dame shi, muddin ba ka matse shi ba. A bakin akwati ne labari ke canjawa. Can ba na zuwa sai da rigar kariya, ba na tsayawa a kan hanyar shigarsu, ba na sa turare, kuma baƙar kyamara nakan naɗe ta da farin ƙyalle don baƙin abu na tunzura su.

Ciniki kuwa, kowa ya san ciwon kasuwar zuma a ƙasar nan: rashin yarda. Mai saye yana son ta don magani, amma an sha sayar masa da dafaffen sukari, sai ya zo da gwaje-gwajensa na ashana da ɗiga ta a ruwa. Gaskiya waɗannan ba sa tabbatar da komai. Wani kuma in ya ga zuma ta daskare sai ya ce algus ne, alhali zuma ta gaskiya takan yi haka, gwargwadon furen da ta fito. Hoto ba shaida ba ne, ban taɓa cewa shi ne ba. Amma idan na tura wa mutum ta WhatsApp hoton ƙuda a kan furen darbejiya, na ce masa zumar wannan watan za ta zo da ɗan ɗaci-ɗaci, ya ɗanɗana ya ji haka, ya gane cewa mai maganar ya san kayansa. Mu kuma a ɓangarenmu ba ma yanka saƙar da ba a rufe bakinta da kaki ba, don ruwan zumar ya tsaya ƙasa da kashi 20 cikin ɗari kada ta yi tsami, kuma ba ma matse saƙar 'ya'ya a ciki kamar yadda masu ɗiba da wuta cikin dare ke yi.

Inda hotunan suka fi yi mini aiki shi ne wajen manoma. Feshin maganin ƙwari a kan wake da kayan lambu da hantsi, lokacin da fure ke buɗe, yana kashe mana masu kiwo da yawa. Magana kaɗai ba ta cika shiga ba. Amma in ka nuna wa mai gonar riɗi ƙuda a cikin furen gonarsa, jiki duk gari, ka ce, "Baba, wannan ne ke ɗaukar maka daga wannan fure zuwa wancan," sai ya karɓi wayar ya ƙura ido. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan gonakin Burkina Faso ya nuna cewa riɗin da aka hana ƙwari kaiwa ga furensa ya yi asarar fiye da rabin amfaninsa. Yanzu akwai manoman da muka yi yarjejeniya da su: su mayar da feshi zuwa yamma liƙis bayan ƙudan ya koma gida, su kuma sanar da mu kwana ɗaya kafin su fesa. A madadin haka muna ajiye akwatuna a gefen gonakinsu idan riɗi ya fara fure, kuma bayan ɗiba kowane mai gona yana da kwalbarsa.