Ruwan da Ke Dafa Jirgi: Abin da Teburin Haɗa Samfura Ya Koya Mini

Wanda ya daɗe yana haɗa ƙananan samfuran kayan yaƙi ya san ba a wajen haɗa jirgi ake tafka babbar asara ba. Idan bindiga ta karkace a kan gyara ta, idan fenti ya zubo a kan goge a sake. Asarar da ba ta da gyara tana zuwa ne a ranar ƙarshe, ranar da za a zuba wa samfurin jirgin ruwa rezin, wato ruwan roba mai daskarewa da ake kwaikwayon teku da shi. A cikin duk abin da wannan aiki ya koya mini, wannan ne har yau bai daina ci mini rai ba, saboda kuskure ne da ake koya wa mutane a matsayin daidai.

A ɗauki Bismarck, jirgin ruwan yaƙin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, a ma'aunin 1/350, wato samfurin da ya gaza na gaske sau 350. Tsawon jirgin na gaske mita 251 ne, faɗinsa mita 36, don haka samfurin ya kan kai kusan santimita 72 a tsawo, 10 da ɗoriya a faɗi. Abin da ke nutse a ruwa na jikinsa ya haura mita 9, wato kusan santimita 3 a kan tebur. Mai son a hango ƙasan jirgin ta cikin ruwa sai ya yi akwati mai santimita 85 da 25, zurfi 3. A lissafa: lita 6.4. A cire lita ɗaya da ɗoriya da jikin jirgin zai cinye, saura sama da lita 5 na rezin. Mafi yawan mutane ba sa yin wannan lissafin, da ido suke aunawa, su kwaɓa, su juye gaba ɗaya.

Rezin ɗin epoksi ba bushewa yake yi kamar fenti ba. Sinadari biyu ne suke haɗuwa su daskare, kuma haɗuwar tasu zafi take fitarwa. Idan shimfiɗar siririya ce, zafin yana ficewa ta sama ba tare da an lura ba. Idan ta yi kauri, zafin yana taruwa a tsakiya, shi kuma zafin yana ƙara wa haɗuwar sauri, saurin ya ƙara zafi, haka har abin ya wuce digiri 100. Robar da ake yin samfura da ita tana sakewa ne a wajajen digiri 90 zuwa 100, siraran sassa ma tun kafin nan suke lanƙwashewa. Abin da mutum zai gani bayan ya dawo ɗakin shi ne gefen jirgin ya lotsa ciki kamar an matse shi da hannu, benen ya yi tozo a tsakiya, bututun hayaƙi ya kwanta gefe guda. Shingen tagulla siriri da aka manna a bakin bene, wanda ya ci makonni ana lanƙwasa shi da hantsaki, ya ɓalle yana nannaɗewa, domin robar da ke ƙarƙashinsa ta motsa shi kuwa bai motsa ba. Rezin ɗin ya yi rawaya a tsakiya, ya tsage daga jikin jirgi zuwa bakin akwati. In da soson kumfa aka yi ƙasan, shi ma ya zauna. Kuma jirgin yana cikin abin da ya riga ya zama dutse, ko bindiga ɗaya ba za a ceto daga ƙasa ba sai da zarto.

Ko da zafi bai yi ɓarna ba, akwai wasu huɗu da ke jira. Jikin jirgi fanko ne, rezin kuma ya ɗan fi ruwa nauyi, saboda haka ƙarfin da ke tura samfurin sama ya haura kilo ɗaya, abin da ɗigon gam ba zai riƙe ba. Sai a wayi gari jirgi ya taso ya daskare a karkace. Rezin yana bin ramin da ido ba ya gani, ya bi ta kusurwar akwati ya tsiyaye kan tebur cikin dare. Katako, filasta da yashi suna riƙe iska, idan rezin ya ɗumama sai su yi ta sako kumfa, ta tsaya cirko-cirko a jikin jirgin. Sannan rezin yana hawa jikin duk abin da ya taɓa. Hawan milimita 2 a ma'aunin 1/350 daidai yake da ruwa ya ɗare jikin jirgi santimita 70, kuma da an ɗauki hoto shi ido zai fara kamawa.

Idan dole sai an zuba, ga yadda ake yi. A huda ƙasan jirgi wuri biyu tun kafin a rufe bene, a manna noti daga ciki, a ɗaure shi da sukuru ta ƙarƙashin katako. A shafe ƙasan akwatin da banish na akrilik sau biyu, kowanne ya bushe sosai. A toshe kusurwoyi da silikon, a gwada da ruwan famfo, a bar shi awa ɗaya a kan takarda a ga ko za ta jiƙe, sannan a zubar a bar akwatin ya kwana biyu, domin danshi kaɗan yana sa rezin ya yi hazo. A karanta kwalba da kyau: wani rezin 1 da 1 ne, wani 2 da 1, wani da nauyi ake auna shi, wani da cikar kofin awo, kuma biyun ba ɗaya ba ne. Wanda aka ce da nauyi, a sa shi a sikelin da ke karanta giram. A juya a hankali minti uku zuwa biyar, ana kankare gefe da gindin kofi, a juye a sabon kofi a sake juyawa, saboda abin da ya maƙale a gefen kofin farko shi ne ke barin wuri mai danƙo da ba zai taɓa daskarewa ba. Rezin na yau da kullum kada shimfiɗa ta wuce milimita 3 zuwa 5, a bar awa 24 tsakani. Akwai wanda aka yi musamman don zuba mai zurfi, yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku, shi ma yana da iyakar da aka rubuta a jikinsa. Launi ɗigo-ɗigo ake sawa, na ƙasa ya fi duhu, na sama kusan garau. Rezin ɗin poliyesta kuwa kada ya kusanci samfuri ko soson kumfa, cinye su yake yi. Safar hannu ta naitiral da buɗe taga ba zaɓi ba ne. Fata tana iya ƙin epoksi bayan shekaru ana taɓa shi, kuma in ta ƙi, ta ƙi ke nan.

Abin da ya fi ciwo shi ne duk wannan wahalar ba a ma bukace ta ba. Tsakiyar Tekun Atlantika ba a hango komai a ƙarƙashinsa. A duba kowane hoton jirgin yaƙi da aka ɗauka daga sama, ruwan duhu ne, fari kawai a inda jirgi ya keta. Shi ya sa tun 1971 kamfanonin Japan huɗu, Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi, suka fito da jerin jirage na 1/700 da aka yanke a daidai layin ruwa. Haka ya kamata a yi wa babban jirgi: a yanke ƙasan, ko a fafe masa gurbi a cikin soso mai tauri. A sassaƙa igiyar ruwa a kan soson, a rufe da takarda mai laushi da farin gam, a yi fenti shuɗi mai duhu da ya karkata zuwa toka, kusa da jikin jirgi a haska shi da ɗan kore. A bi da jel ɗin akrilik mai sheƙi, siriri-siriri sau uku, ana daddanna shi da buroshi. Kumfar bayan jirgi da zaren auduga kaɗan da aka jiƙa da jel ake yi, farin fenti kuma a kan tsinin igiya kawai. Babu zafi, babu tsiyaya, kuma jirgin ana iya ɗaga shi a mayar. Rezin wurinsa ruwa marar zurfi ne: bakin gaɓa da jirgin sauke sojoji ya tokare, rafin da tanka ke ƙetarawa, kududdufi a sawun sarƙa.

Ban ga laifin mai koyo ba a nan. Laifin na waɗanda ke nuna zuban rezin a bidiyon minti biyu ne, su yanke kwana shidan da suka yi suna jira tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa, su kuma ɓoye guda ukun da suka lalace kafin wanda suka nuna. Haka wasu manya a cikin harkar, a tambaye su su ce "ai zubawa kawai ake yi", bayan abu ya ɓaci su ce da ma kowa ya san ba a zuba shi da kauri. Su ne kuma za ka tarar a teburin alƙalanci ranar gasa, da tocila a hannu suna leƙa ƙarƙashin hasumiyar bindiga suna neman layin haɗi, ba su ɗaga kai sun dubi ko ruwan ya yi kama da ruwa ba. Ba na cewa a bar layin haɗi a fili. Amma aikin da aka auna igiyar ruwansa da tsawon jirgi, aka sa ta karye a inda ya kamata, ya fi ƙarfin a yi masa hukunci da tocila.

Darasi na biyu shi ne a tsayar da ranar tarihin da samfurin zai nuna kafin a buɗe kwalbar fenti. Ba shekara ba, rana. Bismarck ɗin nan yana da ratsin baƙi da fari a jikinsa lokacin da yake atisaye a Tekun Baltik, amma an shafe su da ruwan toka a kusa da Bergen ta ƙasar Norway ranar 21 ga Mayu 1941. Wanda ya nuna shi yana musayar wuta da jirgin Birtaniya Hood ranar 24 ga wata da ratsinsa, ya haɗa abin da bai taɓa haɗuwa ba. A tankoki ma haka ne. Jamus ta koma yi wa tankokinta fenti rawaya mai duhu ne a Fabrairu 1943, kafin nan toka mai duhu ce a fagen Rasha. Zimmerit, shafen nan mai tsaga-tsaga da ake yi don hana nakiya mai maganaɗisu kamawa, ya fara ne a wajajen Agusta zuwa Satumba 1943, aka daina shi a Satumba 1944, don haka tankar Jamus Panther ta yaƙin Kursk na Rasha a Yuli 1943 ba ta da shi. Tankar Rasha T-34 mai bindigar milimita 85 sai a 1944 ta shiga fage, ba ta da wuri a Kursk. Takardar da ke cikin kwali tana yin kuskure, hoton lokacin ne hujja.

Nauyi shi ne na uku. Tankar Jamus Tiger ta haura tan 50, ba ta tsayawa a saman ƙasa kamar an ajiye ta a kanta. A shimfiɗa leda siririya a kan filasta tun tana da danshi, a danna tankar har sarƙa ta nutse milimita 2 zuwa 3, a ɗaga, a bari ya bushe, sannan a cike gefen da ƙasa mai laushi da gam. Sarƙar Tiger da ta T-34 kwanciya take yi a kan tayoyi, ta tankar Amurka Sherman a miƙe take a kan ƙananan tayoyin sama, kada a saukar mata da ciki don kawai ya yi kyau. Mutum mai mita 1.75 santimita 5 ne a 1/35, da shi ake auna ƙofa, ganga da tsayin ciyawa. Ƙwayar yashi mai milimita ɗaya a wannan ma'auni tsakuwa ce ta santimita uku da rabi, shi ya sa sai an tankaɗe.

Sauran gajeru ne. Kada a bi fentin inamel da wanki, wato tsinkakken fentin fito da tsaga-tsaga, da aka tsinka da tina (ruwan tsinka fenti) iri ɗaya, zai ɗaga na ƙasa; a raba su da banish na akrilik a bar shi ya kwana biyu. Tinar inamel idan ta taru a mahaɗin da ke ɗauke da nauyi tana fasa roba, musamman a ƙafafun tayoyi. Sitika a kan sheƙi ake manna ta, a kan fenti marar sheƙi iska tana maƙalewa ta bar farin tabo a kewaye. Sufa-gulu yana cin soson kumfa, yana kuma sa gilashin roba ya yi hazo, farin gam ne na gilashin. Na'urar feshi a tsakanin 15 da 20 na ma'aunin ƙarfin iska na PSI, fenti da tina kusan rabi da rabi, shafa uku sirara. Sassan rezin a jiƙe ake goge su da samfefa, ƙurarsu ba ta shiga huhu ta fita. Tsatsa a tankar da ba ta wuce wata uku a fage ba kada ta wuce bututun hayaƙi da sarƙar ajiya. Kowane sabon fenti, banish ko rezin kuma, a fara gwada shi a kan tsohon jikin samfurin da aka ajiye don wannan, da kauri iri ɗaya da wanda za a yi, a sa hannu a gefen kofin bayan rabin awa a ji ɗuminsa.