Mun kai yara Yankari a ayari, mota uku, kwana huɗu

In ka cire Mina lokacin aikin Hajji ni ban taɓa kwana a tanti ba, yarana kuwa ko tsakar gida basu taɓa kwana ba, daga ɗaki sai mota sai aji, shi yasa da maigidan aminiyata Maman 'yan biyu ya kawo shawarar mu haɗa iyalai uku mu tafi Yankari a hutun Disamba nace ina ciki tun kafin Abbansu ya buɗe baki. Wata biyar muna zubi kamar adashi, kowane gida da abunda zai ajiye duk ƙarshen wata, kuma wallahi ba don zubin nan ba da tafiyar bata yiwu ba, don kuɗin mai kaɗai ya isa ya sa mutum ya fasa.

Manya shida ne, yara tara, mota uku. Tamu Sienna ita ta kwashi yawancin yaran, akwai Hilux da ta ɗauki tantuna da tabarmi da barguna da tukunyar gas da kuloli da jarkokin ruwa, sai ƙaramar mota ɗaya. Wanda ya kawo shawarar ɗan Bauchi ne, ya san hanyar kamar yunwar cikinsa, yara na ce masa Baffa amma kafin mu kai Wudil Abbansu ya raɗa masa Madugu, sunan kuma ya bi shi har yau. Babban yaronmu ya tambaya menene madugu, Abbansu ya dinga bashi labarin fatake yadda suke fita a ayari da jakuna har Gwanja neman goro, madugu uban tafiya shi ke faɗin inda za'a yada zango da lokacin da za'a tashi, kuma in ya yanke magana ba mai tsallakewa. Mu ma haka muka yi. Dokar Madugu guda biyu ce, ba tafiyar dare ko ta minti goma, sannan ba motar da zata ɓace wa 'yar uwarta a madubi. Da yanayin da hanyoyinmu suke ciki ni wannan dokar ce ta kwantar min da hankali har na iya jin daɗin tafiyar.

Ranar Asabar muka fita daga Kano bayan asuba, da gangan muka kauce wa Juma'a saboda kasuwar Wudil, duk wanda ya taɓa bin gadar nan ranar kasuwar shanu ya san abunda nake nufi. Muka yi addu'ar tafiya, hazo ya rufe ko'ina sai fitilun mota, yara a cikin rigunan sanyi suna ta gyangyaɗi. A Birnin Kudu muka fara tsayawa muka karya da shayi da ƙwai, daga nan Madugu ya kaimu Dutsen Habude inda zanen mutanen dauri yake a jikin dutse. Shanu ne aka zana da wani launi ja-ja, wasu sun dusashe sai ka ƙura ido, amma ƙahonnin a fili suke. Akwai kuma duwatsun da in ka buga su da ƙaramin dutse suke ƙara kamar ƙarfe, to nan fa yara suka ƙi tafiya, kowa sai ya buga nashi, 'yan biyu har da haɗa kiɗa. Na sha wuce Birnin Kudu a mota ban taɓa sanin akwai wannan abun a gefen hanya ba, abun ya tsaya min a rai.

Tsakanin Ningi da Kafin Madaki tayar ƙaramar motar ta yi faci, a daidai lokacin kuma Auta ta fara amai don bata saba doguwar tafiya ba. Nan na ga amfanin ayari, maza uku suka taru kan taya, Maman 'yan biyu ta ɗauko lemon tsami ta bata tana shinshinawa, ɗaya ƙawar tamu ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa ta rarraba wa sauran cincin da dambun nama, cikin rabin awa mun koma hanya. Da mu kaɗai ne na san ranar da kuka zan ƙare.

Mun shiga Bauchi bayan azahar, muka haɗa sallolinmu ƙasaru, muka ci masa da miya, kuma gaskiya mutanen Bauchi sun iya masa, wainarmu ta Kano ta yi haƙuri. Daga nan sai kabarin Abubakar Tafawa Balewa. Kafin mu shiga Abbansu ya zaro naira biyar da ya adana musamman ya nuna musu hoton, yace wannan shine Firayim Ministan Najeriya na farko, malamin makaranta ne, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Rabin yaran basu ma taɓa riƙe naira biyar ba. Ginin wajen wani iri ne, sai ka bi ta wani lungu mai duhu kana hawa a hankali kafin ka fito fili mai haske wanda ba rufi, kabarin na tsakiya ba wani ado a kansa. Auta ta ƙanƙame hannuna a cikin duhun, da muka fito haske yaran nan masu surutu duk suka yi tsit ba wanda yace musu su yi shiru. Muka yi masa addu'a. A ɗakin da aka ajiye kayansa 'yata ta biyu ta tsaya gaban rediyonsa tace Umma wannan ne duka kayan shugaban ƙasa? Na rasa me zan ce mata sai kai na gyaɗa.

Zangonmu na farko gonar mahaifin Madugu ce a bayan gari ta hanyar Gombe, a kewaye take, akwai mai gadi da iyalinsa da rijiya da bishiyoyin mangwaro. Ina so in faɗi wannan a fili saboda masu tambayata, bamu kafa tanti a dajin Allah haka kawai ba, kuma bana ba kowa shawarar yayi haka da yara a wannan zamanin, a samu wajen da aka san ku aka san da zuwanku. Tanti huɗu muka kafa kafin magariba, na mata da ƙananan yara biyu, na samari ɗaya, na iyaye maza ɗaya, kuma yaran ne suka riƙe igiyoyi suka buga turaku, babban yaronmu da a gida sai an yi da gaske yake ɗauke kofin da ya sha shayi shine yake ta jigilar ruwa daga rijiya yana haki yana dariya.

Daren nan shi nake so in daɗe a kai don shine tafiyar a wajena. Mun dafa taliya da manja da yaji a tukunyar gas, maza suka hura wuta suka gasa dankalin Hausa a cikin toka, sanyin hunturu yana saukowa muna matsawa kusa da wutar kowa da bargonsa. Sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa, daga ƙarshe kowa ya haƙura ya jefa tashi a jaka. Bayan isha'i Madugu yace a kashe duk tocila. Wallahi ihun da yaran suka yi da suka ɗaga kai har yanzu yana kunnena, hazon ranar ya ɗan lafa, taurari kamar an watsa gero a tabarma, Auta tace Umma dama haka suke da yawa? Yarinyar da aka haifa a cikin birni tsakanin katanga da hasken sola ina zata san haka. Matar mai gadi, wata dattijuwa da yara suka koma kira Inna, ta nuna musu kaza da 'ya'yanta can saman kanmu, ta sa suka ƙirga 'yan tsakin, wani yace shida wani yace bakwai aka yi ta musu. Sai ta gyara zama tace ga ta nan ga ta nanku, mu manya muka amsa ta zo mu ji ta, yarana suka juyo suna kallona don basu san amsar ba. Abun ya sosa min rai sosai, ni da na tashi a gaban kakata kullum dare sai an yi mana Gizo da Ƙoƙi amma ban taɓa zaunar da nawa na yi musu ko ɗaya ba. Tatsuniya uku tayi musu, kafin ƙurunƙus ta ukun rabinsu sun yi barci a cinyoyinmu. Muka karanta musu a'uzu bikalimatillahit tammati muka kwashe su zuwa tanti. Ni kam ban yi wani barcin kirki ba, ƙasa da tauri ga sanyin asuba yana ratsa tabarma, amma ina kwance ina jin numfashin yarana da kukan gyare kuma raina fes.

Washegari muka kama hanyar Gombe, a Dindima muka karkata dama zuwa Mainamaji inda ƙofar shiga take, daga ƙofar kuma akwai tafiyar kusan kilomita 40 cikin daji kafin a kai sansanin Wikki. Dajin yana ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, tun 1956 aka keɓe shi aka buɗe wa masu ziyara a 1962. A nan ɗakuna muka kama muka kwana ɗaya. Tun a wajen ajiye mota aka gargaɗe mu kan gwaggon biri, mu rufe gilashi kar kuma yaro ya riƙe leda a hannu, to ko minti ashirin ba'a yi ba wani ƙato ya sheƙo ya fizge ledar burodi a hannun 'yata ya haye rufin ɗaki. Ta tsorata tayi kuka, na rungume ta jikina na rawa, amma zuwa yamma ita ce mai ba kowa labari. Gadu kuwa yawo suke a tsakar sansanin da 'ya'yansu kamar awakin unguwa, suna durƙusawa kan gwiwa suna cin ciyawa.

Da la'asar muka shiga buɗaɗɗiyar motar zaga daji da ɗan rakiya. Mun ga gwambaza da mazo, mun ga garken ɓauna daga nesa, kada ɗaya kwance a bakin kogin Gaji, tsuntsaye kuwa ba'a magana. Giwa dai bamu gani ba, sai sawunta da kashinta da rassan da ta kakkarya, ɗan rakiyar ya sauko da babban yaronmu ya sa ƙafarsa cikin sawun, ƙafafunsa biyu suka shige har da saura. Yace a Disamba ciyawa bata gama bushewa ba kuma akwai ruwa nan da can a cikin daji, wanda yake son ganin giwa ya zo wajen Maris ko Afrilu lokacin da zafi ke koro dabbobi bakin Gaji. Yaran sun ji ba daɗi, ni ma haka, don garken Yankari na cikin 'yan giwayen da suka rage mana a ƙasar nan. Ya kuma kaimu kogwannin Marshall, ƙananan ɗakuna 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, ƙofofinsu 'yan mitsi-mitsi, yace ana kyautata zaton maɓoya ce a zamanin farautar bayi.

Ruwan Wikki kuwa mu mata da asuba muka je kafin mutane su taru, da dogayen rigunanmu. Matakala ce mai tsawo ake sauka, ruwan yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani ƙaton dutse, garai-garai har kana ganin farin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka, ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, ga sanyin hunturu a waje har wani tururi yake tashi a samansa. Can wajen dutsen yana da zurfi ya shanye mutum, don haka muka tsare yara a ƙasa inda bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, kowace uwa da waɗanda take ƙirgawa. Awa biyu da ƙyar muka fito dasu, yatsunsu duk sun yamutse.

Daren ƙarshe gonar muka koma, wannan karon yaran da kansu suka kafa tantinsu, ya ɗan karkace amma ya tsaya. Inna ta kawo mana fura da nono, da ta gyara zama tace ga ta nan ga ta nanku su tara suka haɗa baki suka amsa mata. Da safe muna naɗe tabarmi Auta ta ɓuya bayan mangwaro wai ita a barta a nan, sai da Madugu ya durƙusa gabanta yayi mata alƙawarin in Allah ya kaimu hutun Afrilu zamu dawo neman giwa sannan ta yarda ta shiga mota. Zubin dai mun riga mun fara, Maman 'yan biyu ce uwar adashi.