Cin abinci da yawon buɗe ido a Kyoto

Kafin in tafi Japan, duk wanda na je wa sallama sai ya ce in yi hattara da naman alade. Shi kam bai ba ni wahala ba. Taliyar ramen da ake kira tonkotsu da romon ƙashin alade ake yin ta, kana jin sunan ka wuce. Abin da ke ɓuya shi ne mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da suke zubawa a miya, a gashin kifi, har a wainar ƙwai. Sai na roƙi ma'aikacin masaukina ya rubuta min da Japananci cewa ba na cin alade, ba na son giya ko da a girki. Wannan 'yar takarda ta fi min duk wata manhajar waya amfani. Mai abinci zai karanta, ya shiga ciki ya tambayo, ya dawo ya nuna maka abin da za ka iya ci.

Daga Tokyo jirgin ƙasan Shinkansen ya kai ni Kyoto cikin awa biyu da 'yan mintuna. Garin ya zama fadar sarkin Japan a 794, ya kuma riƙe ta fiye da shekara dubu, shi ya sa wuraren kallo ba sa ƙarewa. Wurin bautar da ake kira Fushimi Inari na nufa bayan sallar asuba, tunda ba a rufe shi kuma ba a biyan ko sisi. Dubban jajayen ƙofofin katako ne a jere suna hawa dutse mai tsayin mita 233, a bayan kowace an rubuta sunan wanda ya ba da ita da baƙin tawada. Da hantsi ina saukowa, hanyar ta cika maƙil, ɗaukar hoto ma sai an bi layi.

Kusa da haikalin Nanzen-ji na ci yudofu. Awara ce fara sol, ba a soya ba, tana motsi a ruwan zafi cikin tukunyar ƙasa, da ganyen teku a ƙasanta. Na bar miyar tsomawar, na nemi gishiri. Gaskiya loma ta farko salam na ji ta, raina yana wajen yaji, sai daga baya ɗanɗanon waken ya fito. Natto kuwa, waken suya da aka bari ya ruɓa, warinsa kamar na daddawa, ga yauƙi har haɓa. Baƙi da yawa na gudunsa, ni kuwa na cinye da shinkafa.

A kasuwar Nishiki ba a ci ana tafiya. Inda ka saya nan za ka tsaya ka cinye, ka miƙa wa mai shagon tsinken, don kwandon shara yana da wuyar gani a titunansu. Kada ka kafa tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, a wajen makoki suke yin haka. Tukwici ma ba a bayarwa. In ka bar canji a tebur, ma'aikaci na iya biyo ka da shi har bakin titi.