Ranar da ɗalibaina suka kai hari inda ban aike su ba

Jiya na miƙa makullin ɗakin gwaji da kalmomin sirrin kwamfutoci 24 da ke cikinsa. Shekara huɗu na yi ina koyar da tsaron intanet a cibiyar. Wanda zai gaje ni ya roƙe ni in rubuta masa abin da ya kamata ya sani, na zauna zan jera masa manhajoji da jadawalin darussa, sai na ga duk wannan yana cikin fayil. Labarin ranar Talatar nan ne kaɗai ba zai tarar a fayil ba, domin an yi ƙoƙari sosai kada ya shiga takarda.

Lokacin da na zo, da majigi kawai ake koyar da kwas ɗin. Ɗalibi zai haddace ma'anar kutse da ire-irensa, ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa ganin yadda saƙo ke fita daga wata kwamfuta ya isa wata ba. Ni na kawo VirtualBox, wato manhajar da ke ba ka damar tayar da kwamfuta a cikin kwamfuta, na ɗora Kali Linux a kai, wato tsarin kwamfuta mai ɗauke da kayan gwada tsaro. Ranar da na sa suka buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna saƙonnin da ke wucewa a netwok, suka shiga wani shafin gwaji da ba shi da kariyar HTTPS, kowa ya ga kalmar sirrin da ya rubuta tana kwance a fili, ajin ya yi tsit. Abin da na yi mako uku ina faɗa da baki, minti biyar ya ishe su. Tun daga nan na riƙa ji da kaina, kuma ina jin wannan jin kan ne ya kai ni ya baro.

Darasin ranar a kan WannaCry ne. A 12 ga Mayun 2017 wannan muguwar manhaja ta bazu zuwa ƙasashe fiye da 150, ta kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Ta wata ɓaraka ta shiga, a tsarin da Windows ke amfani da shi wajen raba fayiloli, ta ƙofa mai lamba 445, da makamin da ake kira EternalBlue. Abin da nake so ɗalibai su riƙe shi ne, Microsoft ya fitar da facin wannan ɓaraka, wato gyaran da ke toshe ta, tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Waɗanda abin ya ci, mafi yawansu ba su saka facin ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na shirya musu tsohuwar Windows 7 marar faci a cikin VirtualBox, su nemo ta da Nmap, manhajar binciken netwok, su shige ta da Metasploit, manhajar gwada kutse, sannan su saka facin su sake gwadawa su ga an rufe hanya.

Ga inda na yi ɓarnar. A VirtualBox akwai zaɓin da ake kira Host-only, wanda ke killace kwamfutocin gwaji su kaɗai, ba su ganin kowa a waje. Akwai kuma Bridged, wanda ke sa kwamfutar gwaji ta shiga netwok ɗin ginin tamkar ita ma ma'aikaciya ce. Daren Litinin na mayar da Kali kan Bridged don in sabunta wasu manhajoji. Na gama wajen ƙarfe sha ɗaya, na gaji, na kwafe ta zuwa kwamfutoci 24 ban mayar da ita ba. Kuma a takardar aikin da na raba ban rubuta adireshin kwamfutar da za a kai wa hari ba. Cewa na yi: duba adireshinka, ka bincika netwok ɗin da kake ciki, ka nemo mai ƙofa 445 a buɗe. Wai don su koyi nema da kansu.

Sun kuwa nemo. Ɗalibar da ta fi kowa sauri a ajin ta ga wata Windows 7, ƙofar a buɗe, ba faci, daidai da abin da na kwatanta. Ta saki makamin. EternalBlue yana da wannan hali, wani lokacin maimakon ya shiga salin alin sai ya kayar da kwamfutar gaba ɗaya. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ta daina amsawa." Na leƙa allonta, adireshin bai fara da 192.168.56 ba kamar yadda na Host-only ya saba. Gabana ya faɗi. Kafin in kai ga cire wayar netwok, mun jiyo salati daga ofishin rajista a ƙarshen baranda.

Kwamfutar da ake shigar da sakamakon jarrabawa ce. Allonta ya koma shuɗi ana tsakiyar aiki, fayil ɗin ya lalace, kuma kwafin ajiya na ƙarshe ya yi mako uku. Magatakardan ya kwashe kwana goma yana sake shigar da maki daga takardu. Har na bar wurin gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ban ga laifinsa ba.

Washegari shugaban cibiyar ya kira ni, takardar korar ɗalibar na kan teburinsa, sa hannu kawai ta rage. Na ce, "Yallaɓai, umarnina ta bi, kalma da kalma. Ni na bar ƙofar a buɗe." Na nuna masa takardar aikin. Na kawo masa misalin Robert Morris, ɗalibin Jami'ar Cornell da gwajinsa ya kuɓuce masa a Nuwamban 1988 ya durƙusar da dubban kwamfutoci, kotu ta same shi da laifi, amma daga baya ya zama farfesa a jami'ar MIT. Shi da gangan ya saki nasa, ita kuwa ba ta ma san ta fita daga aji ba. Ya ce ba tarihi ya kira ni in ba shi ba. An dai bar ta, aka ba ni takardar gargaɗi, na karɓa domin na cancance ta.

Abin da har yau bai wuce mini a maƙogwaro ba shi ne wannan: sau uku na rubuta masa a kan kwamfutar rajistar nan. Na gaya masa Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, na nemi a canza ta, ko a saka mata facin 2017, ko aƙalla a raba netwok ɗin ofisoshi da na ɗalibai. Amsa ɗaya nake samu, za a duba. Da na tuna masa a zaman, sai ya ce kada in ɗora laifina a kan wani. Ban ɗora ba. Amma da ɗan kutse na gaske ne ya fara isa wurin, ba kwana goma za a yi asara ba. Rahoton da aka kai hukumar gudanarwa bai ambaci wasiƙuna ko ɗaya ba, abin da aka rubuta shi ne "ganganci wajen amfani da kayan kutse".

Hukuncin da ya biyo baya ya fi takardar gargaɗin ciwo. An hana duk wani gwaji na hannu har zango biyu, aka koma majigi. Wato ana so a yaye masu gadi da ba su taɓa ganin yadda ake ɓalle ƙofa ba. A lokacin ne na tura ɗalibai TryHackMe da picoCTF, inda wasu suka riga suka gina filin gwaji a killace, kowa ya yi a gida a kan kwamfutarsa. Ba a hana wannan ba, ina jin don ba a san da shi ba. Can na gano wani abin da bai yi mini daɗi ba: wasunsu sun fi koyo a wurin fiye da a ɗakin da nake alfahari da shi, saboda ba na tsaye a kansu ina ba su amsa kafin su wahala.

Sauran abubuwan da zan gaya wa wanda zai gaje ni gajeru ne. Rubuta adireshin da aka halatta a saman takardar aiki, da manyan baƙaƙe. Kafin kowa ya taɓa Nmap, ya sa hannu a takardar izini mai iyaka, haka ƙwararru ke yi kafin su gwada tsaron kamfani. Cire wayar da ta haɗa ɗakin da sauran ginin, da hannunka, kada ka dogara da saitin manhaja. Kada ka kwafi komai bayan ƙarfe goma na dare. Ɗalibin da ke manna umarni daga intanet ko daga ChatGPT, sa shi ya fassara maka kowane layi kafin ya danna. In ka rubuta wa na sama gargaɗi, ka ajiye kwafi a inda ba nasu ba.

Ɗalibar nan yanzu aikinta ke nan, kamfanoni ke biyanta ta gwada tsaronsu. Ta ce mini ba ta taɓa danna komai sai ta karanta adireshin sau biyu.

Da zan fita jiya na bi ta gaban ofishin rajista. Ban bincika komai ba, ba ni da izini. Ta taga kawai na leƙa, magatakarda na zaune yana shigar da maki, tambarin Windows 7 na nan a ƙasan allon.